Na Ce wa Nas Ba Na Salla

Da sunan Allah Mai saukar da ciwo da maganinsa nake farawa. Sallama gare ku 'yan uwana mata na makarantarmu ta manya, da duk wadda rubutun nan ya isa hannunta.

Ruwan farko na bana ya sauka da la'asar. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallon matan gidanmu suna jera bokitai a bakin indararo, sai na ɗauki nawa na bi sahu. Da ya cika na ɗaga shi na kai ɗaki, sai a lokacin na tuna cewa bara war haka ko rabinsa ba na iya ɗagawa. Na zauna a bakin gado na yi ta hamdala. Malamarmu ta daɗe tana cewa in rubuta abin da ya same ni don wasu su amfana, ina ta ce mata sai na ƙara ƙwarewa. Ran nan na ce ƙwarewar ta same ni a hanya.

Sunana Adiza. A unguwar Akwatialine ta Kumasi nake zaune, gidan haya, ina sayar da koko da pinkaso a bakin titi tun kafin maigidana ya rasu. 'Ya'yana uku. Fati tana aure a Accra, autana yana makarantar kwana, sai babbansu, ɗan farina. Shi ba na faɗin sunansa, ko a takarda ba zan rubuta ba. Sunan mahaifina ya ci, Babana nake ce masa. Gyaran mota yake yi a Magazin, unguwar makanikai. Kakanninmu da fataucin goro suka zo ƙasar nan, al'adu da yawa sun zube mana a hanya, amma kunyar ɗan fari ba ta zube a gidanmu ba. Ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, hirarmu ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole. Na faɗi wannan ne domin a nan ciwona ya sami wurin ɓuya.

Abin ya faro tun kafin daminar bara. Baƙon wata da na saba ya zo ya yi 'yan kwanakinsa ya tafi, sai ya fara zama. Ya ɗauke, kafin in gama murna ya dawo. Kuma ba irin zuwan da na sani ba, guda-guda yake fita. Na ɗan gutsura wa maƙwabciyata Hajiya Memuna, mai sayar da atamfa, sai ta ce, "Adiza, bankwana yake miki. Haka nawa ya yi kafin ya tafi gaba ɗaya. Ki yi haƙuri da shi." Haƙuri kuwa abin da na iya ne. Na ci gaba da sha'anina.

Da ruwa ya kankama sai wahalar ta ƙaru. Igiyar shanya ɗaya ce a tsakar gidanmu, kowa da idonsa a kai. Tsummokaran da nake wankewa a ɗaki nake shanya su, bayan ƙofa, kuma kun san daminar Kumasi, abu sai ya wuni ya kwana bai bushe ba. Na koma ɗaura baƙin zane kullum. Na shimfiɗa buhu a kan kujerar da nake zama wurin sana'a. Ina tafiya zuciyata tana bugawa har cikin kunne, ɗan tudun da ke tsakanin gida da titi sai na tsaya a tsakiyarsa kamar ina gyara takalmi. Sai kuma wani kwaɗayi ya taso mini na ƙanƙara da farar ƙasa. Mai sayar da farar ƙasar, da ta ga na maimaita zuwa, ta ce, "Mma Adiza, ko dai za mu sha suna ne?" Na ce, "Allah ya shirye ki." Muka yi dariya. Ashe jikina ne yake kuka da irin bakin da yake da shi.

Wata safiya ina kwasar koko, ludayi a hannuna, sai na ji muryoyin mutane suna nisa da ni. Na farka a ƙasa, wani yana mini fifita da marfin bokiti. Aka kira Babana. Ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya sa ni a keke mai ƙafa uku, sai wani ƙaramin asibiti kusa da mu.

Da aka kira ni, ya tashi ya bi ni ciki. Don ƙauna ya yi. Ya sha jin ana cewa wanda ba ya jin Turanci, tsawa ake masa a sallame shi. Likitan saurayi ne mai fara'a. Ya duba idona, ya duba tafin hannuna, ya juya wajen Babana suka shiga Turanci.

"Mma, dokta ya ce me ke damunki?"

"Jiri ne. Da kasala."

"Ya ce kina cin abinci?"

"Ina ci."

Sai likitan ya yi wata tambaya mai ɗan tsawo, yana kallona. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na tsinci kalmar da ake kiran al'adar mata da ita. Na ga Babana ya sosa ƙeya, ya mai da ido kan bango.

"Ya ce... ko akwai wani abu kuma."

Na san abin da aka tambaya. Shi ma ya san na sani. Na dubi ƙafata na ce, "Babu."

Aka gwada jinina aka ce ya yi ƙasa, aka sami ɗan zazzaɓin sauro a ciki. Aka ba ni maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, aka ce in dawo in sun ƙare. Ba na ganin laifin likitan nan. Ya tambaya. Amsar da aka ba shi ya yi aiki da ita.

Makon da ya biyo baya gidanmu ya zama kasuwar shawara. Ƙanwata Lariba ta taso daga unguwar Dichemso da kontomire, wato ganyen gwaza, da 'yan ƙananan gautan nan masu ɗaci, ta ce a daka a tace in sha da safe. Hajiya Memuna ta ce malt da madarar gwangwani. Wata ta ce zogale, wata ta ce hanta rabin dahuwa, wata ta ce kambun baka ne saboda kokona yana ƙarewa da wuri, ta kawo mini rubutu. Wallahi duk na sha, kuma duk na gode, domin kowacce da ƙafarta ta zo, da abin hannunta. Sai dai ina ɗura wa tulu ruwa ta sama ne, gindinsa a huje. Duk wanda ya ce mini yaya jiki, in ce da sauƙi.

Muka koma. Jinin bai hau ba, ƙasa ma ya ƙara yi. Likita ya rasa ta ina yake tsiyaya. Ya ce a duba ko tsutsar ciki ce, ya ce a duba ko gyambon ciki ne. Katin inshora ya ɗauki wasu gwaje-gwajen, wasu aka ce ba ya ɗauka. Babana bai taɓa gaya mini nawa ya biya ba, ni ma ban tambaya ba. Amma a Magazin ranar da ba ka je ba, ba ka da komai, kuma na lura babbar wayarsa ta koma 'yar ƙarama mai madannai. Na tambaye shi, ya ce waccan ta faɗa cikin baƙin mai. Na shiga ɗaki na yi kuka, domin na san ana ta neman ɓarawo a ɗakin da bai shiga ba, ni kuma na san inda yake.

Za ku ce me ya hana ni tafiya ni kaɗai, ko in ɗauki Lariba. Na gwada. Na ce masa ya je aikinsa. Ya ce, "Mma, Baba ba ya nan, in ban kai ki ba wa zai kai ki?" Kuma a lokacin ko titi ba na iya tsallakawa ba a riƙe ni ba. Lariba kuwa, abin da ta ji da safe, kafin azahar ya kai har unguwar Buokrom.

Daga ƙarshe aka ba mu takarda zuwa babban asibiti. A nan zan ɗan yi ƙorafi, ku yi mini haƙuri. Mun isa gari bai gama wayewa ba, muka tarar da mutane kamar a nan suka kwana. Layin kati daban, layin awo daban, a ce ku je can, can su ce ku koma inda kuka fito. Rumfar da muke zaune tana yoyo. Bayan gida da nisa, ga shi sai ka biya, ga ƙazanta, ni kuwa a halin da nake ciki ina buƙatarsa a kai a kai. Wanda ya tsara wurin nan bai yi tunanin mace irina ba.

Amma a kan bencin nan Allah ya ajiye mini rahama. Wata mata ce a gefena, Bafarafara, 'yar wata ƙabila ta arewacin ƙasar nan, mazauniyar Buokrom, ta kawo ƙafarta da ta kumbura. Ban tambayi sunanta ba, har yau ina jin haushin kaina a kan haka. Babana ya tafi bin sawun katina. Na yunƙura zan tashi, sai ta riƙo hannuna ta zaunar da ni. Ta kwance zanen da ta yafa ta miƙo mini ta ƙasa, ta yi mini nuni da ido. Na duba benci. Baƙin zanen ma bai rufa mini asiri ba ran nan.

Ta tare ni da jikinta har na ɗaura, ta zuba ruwan ledarta ta goge wurin da ƙyallenta. Sannan ta matso kusa da kunnena, da irin Hausarta.

"'Yar uwa, wannan ka faɗa ma dokta?"

Na girgiza kai.

"To me ka zo yi nan? Ka zo kallon mutane?"

Aka kira ta, ta ja ƙafarta ta tafi, ta bar mini zanen.

Da layi ya zo kaina, wata nas ce ke fara yi wa mutum tambayoyi a bayan labule kafin ya ga likita. Babana ya bi ni kamar kullum, ya tsaya a kaina. Na ce masa, "Babana, ƙishi nake ji, nemo mini ruwa." Na ɗauka zai yi nisa. Ashe mai ruwan tana bakin ƙofa. Kafin nas ta gama ɗaura mini abin awon jini a hannu, ga shi ya dawo har ya ɓula mini ledar.

Na riƙe ruwan ban sha ba. Ina jin ɗumin abin yana bin cinyata a ƙarƙashin zanen baiwar Allahn nan. Na ce a raina, Adiza, ko ki buɗe baki yau, ko yaron nan ya ɗauki gawarki bai san me ya kashe ki ba.

"Babana."

"Na'am, Mma."

"Fita waje. Maganar mata ce."

Tunda na haife shi ban taɓa faɗa masa magana mai nauyin wannan ba. Bai dube ni ba. Ya ce, "To, Mma," ya fita da sauri har yana tuntuɓe da ƙafar labule. Wallahi kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Nas ɗin sunanta Akosua. Ba'asantiya ce, amma ta ce mini a Asawase ta tashi, cikin 'yan Zango, don haka tana jin Hausa.

"Yawwa, Mma. Yanzu faɗa mini. Me ke damun ka?"

Na tattara duk ƙarfin da ya rage mini, na faɗa mata yadda muke faɗa a tsakaninmu. Na ce, "'Yata, ba na salla. Na daɗe ba na salla."

Ta ajiye alƙalami, ta dube ni da tausayi sosai.

"Ei, Mma. Wannan tsakaninka da Allah ne. Kar ka damu. Ni ma wani lokaci coci ba na zuwa."

'Yan uwa, ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ga jiri, ga tsoro, ga dariya har da hawaye. Na kwashe watanni ina tattalin maganar nan, na kore ɗana saboda ita, na fito da ita a nannaɗe cikin mutunci, ga shi an ba ni haƙuri a kan ibadata. Ita kuma tana kallona ta rasa abin dariyar.

Na share ido na ce, "Ba haka ba ne. Jini ne. Jini ke zuba mini, ba ya tsayawa." Don kada a sake samun kuskure na ƙara mata da Asantanci, na ce, "Mogya."

Fuskarta ta canza nan take. "Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwa ya sauka."

Ta ja fatar idona ta duba, ta ɗaga gefen zanen ta gani, ta ƙwala wa wani kira ya kawo keken marasa lafiya. Tana tura ni tana faɗa. "Kafra, Mma, yi haƙuri. Amma me ya sa? Ka na so ka mutu don kunya? Mu nan kullum jini muke gani, kamar yadda ka ke ganin koko." Ban ji zafin faɗan ba. Daɗinsa ma na ji, kamar uwata ce ta dawo.

Ran nan aka ba ni gado. Likitar da ta karɓe ni mace ce, ba ta da yawan magana. Aka shafa mini wani abu mai sanyi a mara aka ɗauki hoto. Ta ce ƙari ne a mahaifa, ba ɗaya ba, babbansu ya kai lemu. Sunansa ya zauna mini a kai domin ta maimaita shi, faiburod. Ta ce ba ciwon daji ba ne, mata da yawa suna da shi ba su sani ba, amma nawa ya zauna a wurin da yake sa zubar jini. Sannan ta ce, Akosua tana fassarawa, "Masu jini irin naki a kwance ake kawo mana su. Ke da ƙafarki kika zo. Ki gode wa Allahnki." Ta ce sai an yi aiki, amma ba za ta taɓa ni da wuƙa ba sai an ƙara mini jini, kuma sai dangi sun ba da nasu a madadin wanda za a sa mini.

Ban san me Babana ya faɗa a Magazin ba. Washegari da hantsi sai ga abokan aikinsa, da mai gidansu na aiki a gaba, duk da baƙin mai a farce. Akwai Asantawa, akwai Dagwamba, akwai Mosawa, duk masu shan kokona ne in sun biyo ta unguwarmu. Bayan sun bayar aka bar su suka leƙo ta taga. Wani da ake kira Kwaku ya ce, "Mma, in kin warke kika ji hannunki yana ƙaiƙayin kwance inji, kar ki ji tsoro, jinina ne." Wani ya ce, "Nasa kar a sa miki, Mma, rabinsa barasa ne." Suka nuna mini wani ƙato a cikinsu, wai yana ganin allura ya sulale ƙasa sai da aka ba shi malt. Yana ta rantsuwa wai yunwa ce. Duk ɗakin sai da aka yi dariya, har wata da ba a daɗe da yi mata aiki ba tana riƙe ciki tana roƙon su yi shiru. Ban san jinin wa ke yawo a jikina yau ba. Shi ya sa addu'ata ba ta ware kowa.

Fati ta iso daga Accra da goyonta. Ita ta karɓi jinyar: wanki, goge jiki, kai ni bayan gida. Ta yi fushi da ni ƙwarai. "Mma, kullum muna waya. Kullum ki ce lafiya lau." Na ce ban so in tayar mata da hankali ba ga jariri. Ta ce, "Yanzu da na taho a motar dare ina kuka, hankalin nawa a kwance yake?"

Da likita ta ce mafi alheri a shekaruna a cire mahaifar gaba ɗaya, Lariba ta tayar da ƙura. "Yaya, kar ki yarda. Mace ba mahaifa? Akwai mai magani a bayan Dichemso, yana narkar da shi ya fita kamar ruwa. In suka yanka ki shi ke nan." Da can da na yi shiru, in bar su su yanke mini hukunci, ita da Fati da Babana. Wannan karon na ce, "Lariba, ta gama aikinta. Ta ɗauki uku ta sauke lafiya. In ta zauna, ni zan tafi." Ta yi kuka, ta ce na canza. Amma ita ce ta riƙa kawo mini ruwan zafi a fulas kowace safiya, tun daga Dichemso, cikin ruwan sama.

An sa ranar aiki, na wuni ba ci ba sha, da yamma aka ce an ɗaga saboda an kawo masu haihuwa da suka fi ni matsuwa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, domin ba wanda ya zo ya faɗa mana sai da Fati ta je ta tambaya. Daga baya na ga ɗaya daga cikinsu da jaririnta a gadon da ke kallon nawa, haushin ya tafi. A karo na biyu aka yi. Abin da na tuna, fitila a kaina, da muryar wani yana cewa in ja numfashi. Na farka ina jin kamar an ɗora mini turmi a ciki, Fati tana jiƙa mini leɓe da auduga.

Kwanakin farko da wuya. Tari ya zama abin tsoro, sai na rungume matashi. Wata nas mai ƙaramin jiki ta tilasta mini tashi in taka tun ina ganin ba zan iya ba. A raina na ce wannan ba ta da imani. Yau ina sa mata albarka.

Wata rana lokacin ziyara, Fati ta fita shanya, Babana ya shigo shi kaɗai. Ya zauna a kujera nesa da gado kamar yadda ya saba, yana juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Mma, ran nan na farko, dokta ya tambaya. Ni ne bakina ya kasa."

Na ce, "Na ji shi. Ni ma nawa ya kasa."

"Da kin mutu fa?"

"Ban mutu ba. Matso da kujerar nan, ba na jin ka sosai."

Ina jin sa sarai. Ya matso. Akwai ayaba a kan akwatin gefen gado, na ɓare ɗaya na raba biyu na miƙa masa rabi. Ya tsaya yana kallon hannuna, sannan ya karɓa. Muka ci tare.

Bayan an sallame ni aka hana ni ɗaukar abu mai nauyi, aka hana ni sunkuyo a kan wuta. Wannan zaman ya fi mini aikin wuya. Tun ina yarinya ban san in zauna a kawo mini ba. Hajiya Memuna ta riƙa aiko tuwo da miyar ayoyo, matan makarantarmu suka raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ta yi shara, wannan ta ɗebo ruwa. Da farko duk wadda ta shigo sai in yunƙura in ce bari in taya ki. Malamarmu ta ce, "Mma Adiza, kin sha samun lada a kanmu. Ki bari mu ma mu samu a kanki." Daga nan na koyi in ce na gode in yi shiru. Masu sayen kokona wasu sun koma wani wuri ba su dawo ba, ban riƙe su a rai ba. Da na koma bakin titi bayan ruwa ya ɗauke, waɗanda suka dawo sun ishe ni.

Yanzu ga abin da shekarar nan ta canza mini. Ina karyawa kafin in fara sallamar mutane, da can sai tukunya ta ƙare nake tuna cikina. Ranar Juma'a ba na fita sana'a. Ina zuwa awo ranar da aka ce in zo, ba sai na faɗi ba, kuma ni kaɗai nake shiga. Sallata ta dawo mini cikakkiya, ba shakka, ba lissafin ko na tsarkaka ko ban tsarkaka ba, wannan kaɗai ya isa in gode har ƙarshen raina. Har yanzu ba na faɗin sunan Babana, kuma ba na jin zan fara. Kunya ado ce, ban jefar da ita ba. Na dai gane ɗakin likita ba wurin sa ta ba ne.

Don haka 'yan uwa, in baƙonku ya canza hali, ya daɗe ko ya yi yawa, kar ku ce bankwana ne ku zauna. In kun ga kuna tauna ƙanƙara kuna haki a ɗan tudu, ku duba tafin hannunku ko ya yi fari. In za ku asibiti ku tafi da mace, in kuma namiji ne ya kai ku, ku ce ya jira a waje, ba zai mutu ba. Kuma ku kira abin da sunansa. Zancen da muke nannaɗewa a tsakaninmu, ba kowa ne zai iya kwance shi ba.

Allah ya saka wa duk wanda ya taka, ya bayar, ya tambaya. Allah ya kai ladan ga baiwarsa mai kumburin ƙafa, duk inda take. Waɗanda ke kwance a daminar nan, Allah ya tashi kafaɗunsu.

Jiya Lariba ta zo. Ta zauna tana ta kewaye-kewaye, ruwan bana, tsadar gawayi, har na gama tace gasara. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa, ta rage murya, ta ce, "Yaya, wannan likitar taki, wace rana take zama?" Na ce Talata. Ta ce ɗanta ya ce zai kai ta a babur. Na ce ya sauke ta a ƙofar gidana ya wuce aikinsa, ni zan raka ta.